Gane Baƙo Ta Wurin Tufafinsa: Abin Da Ya Kamata Kowane Ƙauye Ya Sani

'Yan'uwa, ƙasarmu ta Gaya da Ajingi tana tsakanin ruwa da titi. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya gangaro ta gefen ƙasar Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗejiya. Babban titin Kano zuwa Maiduguri kuma ya ratsa ta Wudil da Gaya kafin ya shiga Jigawa. Ruwa da titi dukansu suna kawo mana alheri, amma wani lokaci sukan ajiye mana mutumin da babu wanda ya san shi. Yana iya zama gawar da ambaliya ta kawo, ko matafiyin da ya suma a haɗarin mota, ko yaron da ya ɓata a kasuwa, ko tsohon da hankalinsa ya gushe har ya manta sunan garinsu.

Irin wannan mutum ba zai iya faɗin ko shi wane ne ba. Abin da ya rage masa na shaida shi ne jikinsa da abin da yake sanye da shi. A wani gida kuma, mai yiwuwa nesa da mu, akwai uwa ko mata ko 'ya'ya da suke jiran labarinsa. Ko za su samu labarin ko ba za su samu ba, sau da yawa ya dogara ne ga abin da mutanen da suka fara ganinsa suka yi da tufafinsa a ranar farko.

Abin ya sha faruwa kusa da mu

A ƙarshen watan Agusta na 2001, bayan madatsun Tiga da Challawa sun cika, ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Kano da Jigawa, ta kashe mutane, ta raba dubbai da gidajensu. A 2012 da 2022 an sake yin babbar ambaliya a Nijeriya. Ta 2022 kaɗai ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa, kuma maƙwabciyarmu Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Ruwa ba ya barin wanda ya ɗauka a inda ya ɗauke shi. Wanda ya nutse a Wudil ana iya tsintarsa a bakin gonar wani a ƙasar Ajingi, inda ba a taɓa ganin fuskarsa ba.

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur ta faɗi ta kama wuta a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Mutum fiye da 150 suka rasu. Da yawa sun ƙone yadda ba a iya gane su, aka binne su a kabari ɗaya. Inda wuta ta ci fuska da tufafi gaba ɗaya, abin da mutanen ƙauye za su iya yi kaɗan ne. Amma mafi yawan lokuta ba haka abin yake ba. Yawanci akan sami riga, ko takalmi, ko wani abu a aljihu, sai dai gaggawa da ruɗewa su sa a yar da su.

Me ya sa ba a dogara ga fuska kawai?

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin Red Cross na duniya da Hukumar Lafiya ta Nahiyar Amurka suka fitar da wani ɗan littafi domin masu kai agajin farko, a kan yadda ake kula da gawawwaki bayan bala'i. An sabunta shi a 2016. Littafin ya nuna cewa a ƙasa mai zafi irin tamu, cikin awa 12 zuwa 48 gawa takan canza har a kasa gane fuskarta. Idan ta daɗe a ruwa, kumburi yakan ƙara ɓata kamanni. Ga kuma baƙin ciki: wanda ya zo neman ɗan'uwansa cikin kuka yana iya cewa "shi ne" alhali ba shi ba ne, ko ya ce "ba shi ba ne" domin zuciyarsa ta ƙi yarda.

Yadi da roba da fata sun fi naman jiki jurewa. Ɗinkin riga yana nan bayan fuska ta lalace. Shi ya sa masu bincike suke ba tufafi muhimmanci.

Abubuwan da tufafi suke iya faɗa

Na farko, tufafin ƙungiya. Zanen zumuntar mata yakan ɗauki sunan ɗarikar, wani lokaci har da gunduma da shekarar taron da aka buga shi dominsa. Rigar makaranta takan ɗauki bajo mai sunan makarantar. Haka rigar ƙungiyar matasa, ta 'yan ƙwallo, ta 'yan sintiri, da ta ma'aikatan tasha. Irin wannan alama takan rage nema daga jiha guda zuwa gari guda.

Na biyu, anko. Idan mace tana sanye da sabuwar atamfa ko leshi da ake ganin na biki ne, a tambaya a garuruwan da suke kan hanya ko saman kogi: wane gida ne suka fitar da wannan anko? Mata sukan tuna ankon biki ko da an shekara.

Na uku, hannun tela. Telan ƙauye yana gane ɗinkinsa: yadda yake yanka wuya, yadda yake ɗora aljihu, irin aikin da yake yi a gaban riga. Sau da yawa yana da littafin awo mai sunayen masu kawo ɗinki, har da ƙyallen yadin da ya rage. Tela yana iya gane rigar da dangi ma suke kokwanto a kanta.

Na huɗu, gyara da faci. Wannan ya fi kowace alama ƙarfi. Shadda mai ruwan toka dubbai ne suke da irinta. Amma shadda mai ruwan toka wadda aka yi wa faci a gwiwar hannun hagu da baƙin zare, aka kuma canza mata maɓalli ɗaya da wanda bai dace da sauran ba, mace ɗaya ce ta san ta, wato wadda ta yi facin.

Na biyar, takalmi da hula. A rubuta lambar takalmi da ke ƙasansa, da gefen da ya fi cinyewa, da inda mai gyara ya ɗinke ko ya buga ƙusa. Takalmin da gefe ɗaya ya cinye sosai yana iya nuna mai shi yana ɗingishi. Hula kuma a faɗi irinta da launin zarenta.

Na shida, alamun sana'a. Baƙin mai a wando yana iya nuna bakanike ne. Siminti yana iya nuna magini ko lebura. Ƙugiya ko zaren koma a aljihu yana iya nuna masunci. Tabon rini a hannu da riga yana iya nuna marini.

Na bakwai, abin da ke aljihu da jiki: katin zaɓe, katin ɗan ƙasa, katin asibiti, rasiɗin tasha, ƙunshin magani, makulli, agogo, zobe, 'yan kunne, jigida, da guntuwar takarda mai lambar waya. Ko wayar salula ta jiƙe ta mutu, layin da ke cikinta yana da rajista da sunan wani, kuma 'yan sanda suna iya bin wannan hanya.

Tufafi suna iya ruɗin mutum

A Littafin Farawa sura 37, 'yan'uwan Yusufu sun tsoma rigarsa a jinin akuya suka aika wa mahaifinsu. Yakubu ya gane rigar sarai, kuma bai yi kuskure a kan rigar ba, ta ɗansa ce. Kuskuren yana cikin hukuncin da ya yanke daga ganinta. Ya yi shekaru yana makokin ɗan da yake da rai a Masar. Wannan darasi yana nan har yau: gane riga daban, gane mai riga daban.

Ga hanyoyin da tufafi suke ɓatar da mai nema.

Gwanjo. Riga mai sunan wata makaranta ko wani kamfani na Amurka ko Ingila ba ta nuna mai ita ya taɓa barin ƙasar Kano. An saye ta ne a kasuwa.

Rigar siyasa da ta talla. Ana raba su dubbai a lokacin zaɓe. Suna nuna shekara, wani lokaci da yankin ɗan takara, amma ba su nuna gida.

Kayan agaji. Bayan ambaliya akan raba barguna da zannuwa iri ɗaya ga ɗaruruwan gidaje.

Aro da kyauta. Ƙane yakan sa rigar wa. Maigida yakan ba yaronsa tsohuwar riga. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, saboda haka idan riga ta yi wa mutum yawa ko ta matse shi, a rubuta hakan. Har katin da ke aljihu yana iya zama na wani da aka aike shi da shi.

Ruwa da laka. Sukan canza launi, fari ya koma ruwan ƙasa. Igiyar ruwa kuma takan tuɓe zane da ɗankwali da silifas, ta ajiye su kusa da wata gawa dabam. Abin da aka tsinta a gefe, a rubuta cewa a gefe aka same shi, ba a jiki ba.

Akwai kuma batun addini. A yankinmu Kirista da Musulmi yadi ɗaya suke saye, tela ɗaya yake yi musu ɗinki, hula iri ɗaya suke sawa. Kada a dubi riga a ce wannan namu ne ko ba namu ba ne. Idan an ga gicciye ko carbi ko laya, a rubuta, a sanar da hukuma da shugabannin addini biyu, a yanke shawarar jana'iza tare. Kulawar da za a ba baƙon ɗaya ce ko wane ne shi.

Yadda masana suke auna shaida

Hukumar 'Yan Sanda ta Duniya, wato Interpol, ta raba shaidar gane mamaci gida biyu. Manyan shaidu uku ne: zanen yatsu, haƙora, da gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA. Ƙananan shaidu su ne tufafi, kayan jiki, tabo, da tarihin ciwo ko tiyata. Ƙaramar shaida tana nuna gidan da za a ƙwanƙwasa, babbar shaida ce take tabbatarwa.

A Srebrenica da ke ƙasar Bosniya, an kashe maza da samari kusan 8,000 a watan Yuli na 1995. Da aka tono kaburburan, Red Cross ta buga littattafai masu hotunan tufafi da kayan da aka samu, aka riƙa kai wa iyalai suna dubawa. Wasu mata sun gane abin da hannunsu ya saƙa ko ya ɗinka. Amma gwajin DNA ne ya tabbatar da mafi yawa, har aka gane fiye da mutum 6,900.

Wani lokaci kuma tufafi ne suke gyara kuskuren masana. Bayan jirgin ruwan Titanic ya nutse a 1912, an tsamo gawar wani ƙaramin yaro aka binne shi a birnin Halifax na Kanada ba suna. Wani ɗan sanda ya ajiye takalmansa. A 2002 gwaji ya nuna cewa wani yaro ne ɗan ƙasar Finland mai wata 13. Amma takalman sun yi wa mai wata 13 girma. Aka sake gwaji, a 2007 aka bayyana cewa Sidney Goodwin ne, ɗan Ingila mai wata 19. Takalman da aka adana shekara 90 sun yi amfani.

A ƙauyukanmu gwajin DNA yana da tsada kuma yana da nisa, mutane kaɗan ne kuma likitan haƙori yake da bayaninsu. Don haka a wurinmu ƙananan shaidu suna ɗaukar nauyi mai yawa. Ƙa'idar ita ce kada a tsaya a kan alama ɗaya. A haɗa tufafi da alamun jiki, kamar tsagar fuska, tabon ƙuna, wushirya ko giɓi, tsohuwar karaya, tsawo da kimanin shekaru. A kuma duba ko wuri da lokaci sun dace da labarin wanda ake nema.

Idan an tsinci gawa

1. A sanar da mai unguwa ko dagaci da ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122. Idan akwai alamar kisa, kada a taɓa komai sai hukuma ta zo.

2. A kori 'yan kallo, a rufe gawar da zane. Wanda zai taɓa ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu da sabulu bayan haka. Gawar wanda ruwa ko haɗari ya kashe ba ta haddasa annoba, don haka tsoro ba dalilin gaggawar binnewa ba ne. Idan ana zaton kwalara ce ko zazzaɓin Lasa, a bar wa ma'aikatan lafiya.

3. A ba gawar lamba, misali sunan ƙauye da kwanan wata da lamba 1. A rubuta lambar a takarda, a sa a leda, a ɗaura a jiki.

4. Da izinin hukuma, a ɗauki hoto tun da wuri: jiki duka, fuska, alamun jiki, da kowane tufa. Lambar ta fito a kowane hoto.

5. A rubuta komai daga kai zuwa ƙafa. A rubuta abin da ido ya gani, ban da zato. A ce "zobe mai launin rawaya", kada a ce "zoben zinariya".

6. Kada a raba kaya da gawa kafin hukuma ta gani. Idan za a yi jana'iza ba a gane mutumin ba, a shanya tufafin a inuwa su bushe, a naɗe su a takarda ko kwali mai ɗauke da lambar, a miƙa wa hukuma, a rubuta sunan wanda ya karɓa. Jiƙaƙƙen tufa a cikin leda ruɓewa yake yi. Kada a ƙone, kada a bayar sadaka.

7. A binne kowa a kabarinsa, zurfin mita ɗaya da rabi, nesa da rijiya ko wani ruwan sha da aƙalla mita 200. A kafa alama mai lambar, a rubuta wurin a littafin dagaci da na ikilisiya.

Idan baƙon yana da rai

Magani ne farko, suna daga baya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa. Idan ma'aikatan asibiti sun yanka rigarsa domin su duba rauni, a roƙe su kada su yar da ita. Yaron da ya ɓata ko tsoho mai mantuwa, a ba shi ruwa da abinci, a kai shi wurin mai unguwa da 'yan sanda, kada kuma a canza masa kaya sai an ɗauki hotonsa a cikin waɗanda ya zo da su, domin da su danginsa suke cigiyarsa.

Yadda ake cigiya

A kai sanarwa gidan rediyo, da majami'u ranar Lahadi, da masallatai ranar Juma'a, da tashoshin mota, da manyan kasuwanni irin ta Wudil. Idan ruwa ne ya kawo mutumin, a fara aikawa garuruwan da ke saman kogi. Kada a yaɗa hoton fuskar mamaci a Facebook ko WhatsApp. Bai kamata uwa ta fara ganin gawar ɗanta a wayar maƙwabta ba. Hoton riga ko takalmi ya isa.

Kada kuma a bayyana komai a sanarwa. A ɓoye alama ɗaya ko biyu, kamar facin da ke cikin riga ko abin da aka samu a aljihu. Wanda ya zo ya ce nasa ne, a bar shi ya kwatanta tukuna kafin a nuna masa kaya. Wannan yana kare yaro daga hannun mugu, yana kuma hana mai baƙin ciki ɗaukar gawar da ba tasa ba.

Abin da kowane gida zai yi tun yanzu

A 2022 Red Cross ta Duniya ta ce mutum fiye da 25,000 ne aka yi rajistar ɓacewarsu a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. Yawancinsu daga arewa maso gabas suke, inda titin da ya ratsa Gaya ya nufa. Red Cross ta Nijeriya tana da sashen sada iyalai, ana kuma iya kai mata rahoto.

Rigakafi ya fi magani. Mai tafiya cirani ko kasuwa mai nisa ya riƙe takarda a cikin leda mai sunansa da garinsu da lambar wayar mutum biyu. A rubuta ko a ɗinka sunan yaro da ƙauyensu a cikin wuyan rigarsa, kada a sa a waje inda baƙo zai karanta ya kira shi da suna. Haka za a yi wa tsoho mai mantuwa, da mai farfaɗiya, da kurma, da mai taɓin hankali. Idan wani zai yi tafiya, mutanen gida su lura da abin da ya sa. Ranar da aka rasa mutum, a rubuta kayan jikinsa a ranar, kafin tunani ya cakuɗe, a ajiye ragowar yadin rigarsa idan akwai, da buroshin haƙorinsa ko matajinsa, ko za a buƙace su wajen gwaji.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. Idan aka tsinci baƙo a bakin kogi ko a gefen titi a ƙauyenmu yau, wa za a fara kira, kuma wa yake da lambarsa?

2. Su wane ne mutum biyu, mace da namiji, masu iya rubutu da natsuwa, da za mu ba aikin rubuta bayani?

3. Muna da safar hannu da leda da littafi da alƙalami a ajiye a wuri ɗaya?

4. Su wane ne a cikinmu suka fi buƙatar a ɗinka musu suna a riga, kuma yaushe zumuntar mata za ta zauna ta yi wannan aiki?

Muna roƙon fastoci da dattawa su karanta wannan bayani a gaban jama'a, su kuma kai kwafi ɗaya ga dagaci da limamin garinsu kafin damina ta kankama.